Amsa ga Kawu: abin da ya sa muke fita ranar 4 ga Yuli

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka ga hotonmu a filin shaƙatawa na Bronx, a birnin New York, muna gasa nama ranar bikin 'yancin kan Amurka, yara riƙe da tutar Amurka, ka ce me ya haɗa Bahaushe da bikin Turawa. Tambayarka tana kan hanya, mu ma mun sha yin musu a kai a ƙofar masallaci.

Ranar hutu ce, ita ce ke haɗa ɗan zangon Kumasi da mutumin Maraɗi da Bakano a tabarma ɗaya. Mata su zo da waina da zoɓo, in la'asar ta yi a jera sahu a kan ciyawa. Amma ba cin nama kaɗai ke kai mu ba. Yaranmu a nan aka haife su, kuma a makaranta ana koya musu cewa a 1776 wakilan yankuna 13 suka taru a Filadelfiya suka ɓalle daga mulkin Ingila. Gaskiya ne. Sauran labarin mu ke ƙarasa musu a bakin murhun gashi.

Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a takardar shelar 'yancin cewa an halicci mutane daidai da juna, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Da aka zo tsara kundin mulki a 1787, sai aka yarda a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa. Cikin waɗannan bayi akwai Musulmin Afirka ta Yamma, masu allo da alƙalami irin namu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Umar ɗan Sa'idu, malami daga Futa Toro a yankin kogin Senegal, wanda aka sauke a matsayin bawa a tashar jiragen ruwa ta Charleston a 1807. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, kuma da Tabaraka ya buɗe. Kawu, kai ka biya mini wannan sura a zaure. Dubi mutum yana hannun wanda ke cewa ya mallake shi, ya fara da ayar da ta ce mulki a hannun Allah yake! Har ya koma ga Mahaliccinsa bai samu 'yanci ba. Rubutun yana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokoki a Washinton.

Shi ya sa wasunmu kan kai yara maƙabartar 'yan Afirka da aka gano a Manhattan, nan cikin New York, a 1991, inda aka sake binne gawa 419. Bara na kai 'yata, ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a, sannan ta tambaye ni ko cikinsu akwai mai jin Hausa.

A gaida Inna da mutanen gida.