Tambaya da Amsa: "a" ta Rashanci, "kuwa" ta Hausa, da "amma" da aka ji a Bulgeriya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Aboabo a Kumasi, ina koyon Rashanci da niyyar tafiya karatun likita. Akwai wata 'yar kalma, "a", da ta hana ni sakat. Ƙamus ɗina ya ba ta ma'ana biyu, "kuma" da "amma", alhali ga "i" da "no" da suke ɗauke da waɗannan ma'anonin, kuma sau da yawa idan na sa "no" sai malamarmu ta soke ta da jan biro ta rubuta "a". Mece ce ma'anarta ta gaskiya, kuma daga ina ta samo asali? Sannan ɗan baffana da yake karatu a Sofiya ya ce mutanen Bulgeriya suna cewa "ama" kamar yadda muke cewa "amma". Shin daga wurinmu suka ara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ina kyautata zaton ƙamus ɗin naka na Rashanci zuwa Turanci ne, kuma nan matsalar take, domin Turanci ba shi da kalma guda da ta yi daidai da "a", shi ya sa masu ƙamus suke raba ta gida biyu. Kai da kake jin Hausa ba ka da wannan uzurin, saboda kalmar da take yin wannan aikin tana bakinka tun kana yaro, wato "kuwa".

Ka ɗauka an aike ka kasuwar Kejetia, ka dawo kana ba Hajiya labari. Idan ka ce, "Doya ta yi tsada, rogo kuwa da sauƙi," ba ka rushe wani zato ba, ka jera abu biyu ne kafaɗa da kafaɗa domin a ga bambancinsu. Idan ka ce, "Doya ta yi tsada, amma na saya," maganar ta sake salo: rabin farko ya sa Hajiya ta zaci ka dawo hannu rabbana, rabi na biyu ya ƙaryata zaton nata. Jimlar farko gidan "a" ce, ta biyu gidan "no". Barashe zai ce "Ya student, a on vrach," ma'ana ni ɗalibi ne, shi kuwa likita ne, domin kasancewarka ɗalibi ba ta hana wani zama likita ba. Zai kuma ce "On bolen, no rabotayet," wato ba shi da lafiya amma yana aiki, tunda abin da ake tsammani ga marar lafiya shi ne kwanciya. Saboda haka kafin ka rubuta jimla, ka faɗe ta da Hausa a zuciyarka ka ji wadda ta fito, "kuwa" ko "amma". Ka dai lura da mazauni: "kuwa" tana bin bayan sunan da ake nunawa, ita "a" tana shiga gabansa, kuma a tsakiyar jimla ana sa waƙafi kafin ta.

Akwai wurare biyu da wannan ma'aunin bai kai ba, kuma ina jin a ɗayansu jan biron malamar taku ya fi yawa. Idan aka kore abu aka maye gurbinsa da wani, "a" ce take shiga: "Ne v ponedelnik, a vo vtornik," ba ranar Litinin ba, ranar Talata. Bahaushe ba ya sa komai a tsakanin nan, murya ce kawai take yin aikin, amma wanda ya biyo ta Turanci hannunsa zai tafi ga "no", kuma kuskure ne. Ɗaya wurin shi ne farkon tambaya, inda "A ty?" take daidai da "Kai fa?" namu na gaisuwa.

Game da asali, wannan kalma tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi Rashanci kansa. Tana cikin dukan rassan dangin harsunan Silaf, wato Rashanci da harsunan Yukiren, Folan, Cek, Sabiya, Bulgeriya da 'yan'uwansu, kuma tana cikin tsofaffin littattafan coci da suka samo tushe daga aikin fassarar 'yan'uwan nan biyu, Kiril da Metodiyus, mutanen Tasalonika, waɗanda aka aika ƙasar Morabiya a shekarar 863. Masanin asalin kalmomi Max Vasmer, wanda aka kammala buga ƙamus ɗinsa na asalin kalmomin Rashanci a Heidelberg a 1958, ya danganta ta da "o" ta harshen Lituweniya, mai aiki irin nata, da kuma "āt" ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, mai ma'anar "sannan" ko "bayan haka". Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne duka sun fito ne daga wata tsohuwar kalmar nuni mai ma'anar "daga wannan". Wannan tafiyar ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, domin mu ma mun ɗauki "daga nan" da "sa'an nan", waɗanda asalinsu nuni ne ga wuri da lokaci, mun mayar da su igiyar ɗaure jimloli. Kalmar da aikinta shi ne "to, mu koma ga na gaba" ba ta da nisa da zama "shi kuwa na gaban". Ita "no" tarihinta dabam ne, ana danganta ta da wata tsohuwar kalma mai ma'anar "yanzu", wadda "nyne" ta Rashanci, mai wannan ma'anar, ta fito daga gare ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda 'yan'uwan suka raba gādon. Mutanen Folan suna amfani da "a" kusan yadda Rashawa suke yi. A Cek da Silobakiya kuwa kaifinta ya dushe har ta zama "da" tsurarta, suna cewa "otec a matka", uba da uwa. Inda ake buƙatar "amma" mai ƙarfi, harsuna da yawa sun ƙara wa "a" wani ɗan ɓarɓashi: a Folan da Cek da Yukiren aka sami "ale", a Sabiya da Kuroshiya aka sami "ali". Wannan "ali" ɗin, idan ka tsallaka Silobeniya, ma'anarta "ko". Kai da ka tashi a Kumasi ka san irin wannan ginin ko da ba ka lura ba, domin "nanso" da maƙwabtanmu Asante suke faɗa a wurin "amma" haɗin "na" ce da "nso".

Sai maganar ɗan baffanka. Kunnensa bai yaudare shi ba, amma ba daga wurinmu suka ara ba, mu da su ne muka ɗebo daga rijiya ɗaya. "Ama" ta Bulgeriya daga Turkanci take, Turkawa kuma daga Larabci suka ɗauko, kuma ta shiga bakin mutanen ƙasar ne a zamanin Daular Usmaniyya, wadda ta mulke su tun ƙarshen ƙarni na 14 har zuwa 1878. Shi ya sa ake jin ta a Masedoniya da Bosniya ma. A Bulgeriya kalmar hira ce ta gida da kasuwa, a rubutun hukuma "no" suke sawa, saboda haka ka gaya masa kada ya kai ta takardar jarrabawa. Tamu "amma" ta iso ne ta hannun malamai da littattafan addini da fatake. Kuma ga wani abin lura: a Larabci "ammā" ba ta nufin abin da muke nufi da ita, wannan aikin "lākin" ne. Ma'anarta "shi kuwa" ce, kalmar juyawa zuwa ga magana ta gaba, kamar yadda kake ji a "amma ba'adu" da liman yake faɗa a huɗubar Juma'a bayan ya gama yabo da salati. Ke nan a gidanta na asali ta fi kusa da "a" ta Rashanci, sai da ta fita baƙunta, a Istanbul da Sofiya da Kano da zangon Kumasi, ta koma yin aikin "no".