Fitilar baƙin mai ta ƙi mutuwa a motata, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux mai shan dizal, ina ɗaukar albasa da ita daga Marwa zuwa Kusiri, a arewacin Kamaru. Wata guda ke nan fitilar baƙin mai tana kamawa, wani lokaci ta mutu, wani lokaci ta yini a kunne. Na ƙara mai sau biyu, ba ta daina ba. Wani yaron gareji ya ce in bari ya cire wayar in huta. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar cire waya ka ajiye ta gefe tukuna, kuma don Allah kada ka sake ƙara ko ɗigon mai sai ka karanta wannan.

Da farko, wace fitila ce? Ba ka faɗi launinta ba, kuma a nan ne duk zancen yake. Akwai ja mai hoton butar mai. Ita ba ruwanta da yawan mai, ƙarfin tura shi cikin inji take kallo. In ita ce ta kama kana tafe, ka sauka gefen hanya ka kashe mota nan take, ko da saura kilomita biyu ka shiga Mora, domin injin da mai ba ya zagaya shi cikin 'yan mintuna yake bugawa. Sai kuma ruwan ɗorawa, ita ma buta ce, amma galibi da ɗan layi mai lanƙwasa a ƙarƙashinta. Wannan cewa take man da ke kwanon ƙasan inji, wanda a nan muke kira karte, ya yi ƙasa. Tunda ka yi wata guda kana hawa da sauka injin bai ce komai ba, ina kyautata zaton ta biyun ce, kuma a kanta zan yi magana.

Sandar awon mai da ke jikin inji ita ce alƙali. Amma yawancin direbobi ba sa aunawa daidai, shi ya sa zan ɗan tsaya a nan. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ba bakin kwalbati ko gangaren mayo, wato rafi, ba. In injin da zafi, ka kashe ka ba shi kamar minti goma mai ya koma ƙasa. Zaro sandar, goge ta da tsumma mai tsabta, mayar da ita har ƙarshe, sannan ka sake zarowa ka duba ɓangarorinta biyu. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama, a irin waɗannan motoci, lita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, cikin kusan lita 7 da injin ke ci gaba ɗaya. Ka yi haka kowace safiya har mako guda, kana rubuta kilomita.

In ka tarar mai ya wuce alamar sama, to ƙarin da ka yi sau biyu ya zama matsala ta daban. Mai in ya yi yawa, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji yana kaɗa shi ya yi kumfa kamar an burga nono, kumfa kuwa ba ta shafa ƙarfe. Yana kuma matsa robobin da ke tare mai su fara tsiyaya. A injin dizal abin ya fi haɗari, saboda mai zai iya bin tiyon numfashi ya shiga inda iska ke shiga, injin ya riƙa ƙona shi yana ruri, ka zare makulli ya ƙi tsayawa. A rage shi ya dawo tsakanin alamomin biyu.

In kuwa mai yana daidai amma fitila na nan, sai mu koma ga na'urar da ke ba da labarin. A yawancin waɗannan motoci aba ce mai sauƙi: wani ɗan abu ne mai yawo a kan mai a cikin karte, kamar ƙwaryar da aka jefa a randa. Mai ya sauka, ya sauka tare da shi, fitila ta kama. To a ƙasarmu abu biyu ke cin wannan na'ura. Ɗaya dauɗa ce. Ƙurar hunturu, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da man kwalba na bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba, in suka haɗu da jinkirin juye sai mai ya yi kauri ya zama kamar kwalta. Ɗan abin nan sai ya maƙale a ƙasa, ya riƙa cewa babu mai alhali kwano cike yake. Kwanakin baya an kawo mini wata a garejina a Garwa, da muka kwance na'urar sai da na sa yatsa na ɓamɓare baƙin taɓo daga jikinta. Muka wanke da dizal, muka girgiza ta a kunne muka ji abin yana motsi ƙwas-ƙwas, muka mayar. Fitila ba ta sake kamawa ba, ba a sayi komai ba sai gasket da sabon mai da filta.

Na biyu, kuma shi na fi zargi a motarka, waya ce. Ka ce fitilar tana kamawa tana mutuwa. Soket ɗin na'urar a ƙasan mota yake, inda laka da ruwa da duwatsu suke same shi, kuma wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga ya san irin girgizar da mota ke sha. Da damina baƙar laka tana manne wa soket, ta bushe, ta ja waya. A ɗaga motar, a cire soket, a duba ko ƙarafan ciki sun yi kore ko sun sassauta, a bi wayar da hannu a ga inda ta goge a jikin ƙarfe. A kunna mota, mutum ɗaya yana motsa wayar, ɗaya yana kallon fitila. In tana ƙyaftawa da motsin hannu, an kama ɓarawo. A duba karte ɗin ma, ko dutse ya lotsa shi. Sai an gama duk wannan ne za a yi zancen sayen sabuwar na'ura, kuma a saya da lambar motar, domin ba kowace Hilux ke amfani da iri ɗaya ba.

Ka lura kuma da lokacin da take kamawa. In sai a hawa ko gangara ne, ko ka taka birki da ƙarfi da lodi a baya, wannan mai ne da ke dab da alamar ƙasa yana gudu gefe guda. Na'urar lafiyarta ƙalau.

Saura hali na uku, wanda ba na yi maka fata: sandar ta nuna mai yana raguwa da gaske. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare, da safe ɗigon zai nuna maka wurin, ko noti na juye ne, ko filta, ko murfin saman inji. In kwali ya kwana a bushe, to injin ne ke sha. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa yana nuna ringi ko turbo. Buɗe lagireto in mota ta huce, in ka ga mai yana yawo a kan ruwa, yana bi ta can ne. Littafin Toyota yana ɗaukar har lita ɗaya a kilomita 1,000 a matsayin iyaka, amma ni a wurina motar da ta kai rabin haka ta isa a buɗe ido a kanta.

Shawarar yaron gareji kuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ranar da dutse zai huda maka karte a dajin Waza da dare, wannan fitila ce za ta fara gaya maka, tun kafin jar ta kama. Ka aiko mini da awon mako gudan nan da launin fitilar, mu ga inda za a fara kwancewa.