Tambaya da Amsa: Koyar da Lambu a Unguwa

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata a Jega ta samu fili kusa da rijiya. Muna son horar da matasa goma su riƙa koya wa maƙwabta lambu kyauta, amma bara tumatirinmu ya mutu tun yana wurin reno. Ta ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, ku fara daga inda abin ya lalace. Idan ƙaramin tsiro ya ruɓe daga gindi ya kife, yawanci ruwa ne ya yi yawa, ko an zuba ɗanyen kashin dabbobi, ko an cunkushe iri. Ku tada gadon reno, wato tudun ƙasa da ake shuka iri a kai, mai faɗin mita 1, ku gauraya ƙasar da takin da ya ruɓe sosai, wanda ya daina zafi da wari. A ja layuka, tazarar santimita 10, a binne iri zurfin santimita 1 kacal, a rufe da busasshiyar ciyawa. Da zarar ya tsiro a ɗauke ciyawar. Ban ruwa da safe, da gwangwani mai ƙananan huji.

Bayan mako 3 zuwa 4, idan ya yi ganye huɗu ko biyar, a dasa da yamma, santimita 60 tsakanin layuka, 45 tsakanin tsirrai. A yi reno a Oktoba ko Nuwamba domin a ci moriyar hunturu. Zafin Maris yana zubar da fure.

Matasan kuwa, a ba kowa nasa gadon reno ya rena tsiro da hannunsa. Wanda bai taɓa dasa ba ba zai iya koyarwa ba. Ku nemi malamin gona ya duba su, ku kuma kai su Aliero su ga yadda masu albasa ke reno.