Na sa wa robine kwaɗo don faktir ta ragu, iyalina sun ce rowa ce: mene ne hukunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Allah gafarta malam. Ni magidanci ne a nan Zinder unguwar Karkada, mata ɗaya yara shida, ga kuma mahaifiyata muna tare. Malam wallahi faktir ɗin kuran da ta ruwa sun fi ƙarfina, watan jiya sai da na ci bashi kafin na biya, shi ne na kafa doka a gida, ba a kunna bantilatar sai bayan isha'i, robine na sa mata kwaɗo sai safe da marece nake buɗewa, firigo kuma a kashe shi in za a kwanta. Tun daga nan gidan ba daɗi, maiɗakina ta ce rowa ce kawai na fake da addini, Hajiya ma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu yanzu. Ni kuma na san Allah ya hana almubazzaranci, to wa ke da gaskiya tsakaninmu? Na biyu, ya halatta in riƙa wanke gaɓoɓin alwala sau ɗai-ɗai don ruwan ya ragu? Na uku, wani abokina ya ce akwai mai iya taɓa kontar ta rage gudu, ya ce ai kowa na yi. Allah ya saka da alheri.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya buɗa maka, ya biya maka bashin nan. Bari in fara faɗa maka a gajarce kafin in warware: niyyarka mai kyau ce kuma kana da lada a kanta in sha Allahu, amma hanyar da ka bi akwai gyara, don ka haɗa ɓarna da buƙata ka yanke su da wuƙa ɗaya, alhali shari'a ɓarna kaɗai ta ce a yanke.

Gaskiyarka ce Allah ya hana israfi. A suratul A'araf aya ta 31 ya ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, lalle shi ba ya son maɓarnata, a suratul Isra'i aya ta 27 kuma ya kira mubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke cikin Bukhari da Muslim ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwa uku da Allah ya ƙi mana. Saboda haka ampul da ke ci a ɗakin da ba kowa tun safe har la'asar, ko robine da aka bari a buɗe aka tafi hira, wannan tozarta dukiya ne ba wata tantama, kuma mai gida yana da ikon tsawatarwa, shi ne makiyayin gidan kuma shi za a tambaya. To amma a wannan suratul Isra'in dai, in ka ƙara gaba kaɗan zuwa aya ta 29, Allah ya ce kada ka sanya hannunka ƙuntace zuwa wuyanka kuma kada ka shimfiɗa shi dukkan shimfiɗawa. A Furƙan aya ta 67 ya yabi bayinsa da cewa in sun ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsaka-tsaki. Kai ka riƙe rabin maganar, maiɗakinka ta riƙe ɗaya rabin, shi ya sa kowa ke ganin shi ne mai hujja.

Yanzu mu zo kan kwaɗon nan da ka sa, don shi ya fi damuna. Ruwan sha, na girki, na wanki da na tsarki ba kyauta ba ce kake ba matarka, nafaƙa ce wajiba a wuyanka. Shehu Halil a Muhtasar ɗinsa da ya zo lissafa abin da ake ɗora wa miji, da ruwa ya fara, sannan mai da itace da gishiri da nama lokaci bayan lokaci, masu sharhi kuma suka ce man nan ya haɗa da na ci da na kunna fitila, ka ga ke nan hasken gida ma yana ciki gwargwadon al'adar gari da ƙarfin miji. Kuma Hindu 'yar Utba da ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wajen Manzon Allah (SAW) cewa mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da ɗanta, ai bai ce mata ta yi haƙuri tattali yake ba, cewa ya yi ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa kyautatawa. Mace mai yara shida ba ta san lokacin da yaro zai ɓata jikinsa ba, ba ta san lokacin da wankan tsarki zai kama ta ba, kai kuma kana kasuwa ko wurin aiki makulli na aljihunka. In ka cika mata tukwane da randa da bido da suka ishe ta wuni har da ragowa, sannan ka rufe robine saboda yara masu wasa da ruwa, ba laifi, amma makullin a hannunta ya kamata ya zauna. In kuwa ruwan ba ya isa, to ka tauye haƙƙi, ka cire kwaɗon yau ba sai gobe ba.

Haka maganar bantilatar. Kai ma ka san zafin Damagaram a watan Afrilu da Mayu, ma'auni kan haura 40, ɗaki mai rufin kwano da azahar ba wurin zaman tsohuwa ba ne ba iska. Shari'a da kanta ta yi la'akari da zafi, Annabi (SAW) ya ce in zafi ya tsananta a jinkirta salla har a samu sanyi, to in an sassauta lokacin azahar saboda zafi yaya za ka hana mahaifiyarka iska saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba? Ita da Allah ya hana ka ce mata ko "tir". Ka je ka durƙusa ka ba Hajiya haƙuri, ka kunna mata bantilatar ɗinta duk lokacin da take so, wannan kuɗin ba asara ba ne wallahi, yana cikin mafi albarkar abin da za ka kashe a wata.

Kuma in ka zauna ka yi lissafi za ka ga ba nan kuɗin ke tafiya ba. Bantilatar wat 50 zuwa 75 take ci, alhali dutsen guga ko kilim ko abin dafa ruwa na kuran kowanne na kai wat 1000 ko fiye, guga ta awa ɗaya ta kusa cinye abin da bantilatar za ta ci daga safe zuwa dare. Tsohuwar ampul mai zare ta wat 60 in tana ci awa 10 kullum, a wata ta sha kilowat-awa 18 (ma'aunin kuran da ake gani a faktir), ampul LED ta wat 9 mai haske kusan iri ɗaya ba ta kai kilowat-awa 3 ba a wannan lokacin, to ka ƙirga ampul nawa ke gidanka. Firigo kuwa kashe shi da dare ba wata riba ce mai yawa ba, da safe sai ya yi ta aiki don ya maido sanyin da ya tafi, ga miya ko nama ya lalace a zubar, wanda shi ma tozarta dukiya ne, an gudu ba a tsira ba. Abin da ya fi, a duba robar bakin ƙofar in ta saki a canza, a daina zuba abinci da zafinsa, a janye shi daga jikin bango da inda rana ke duka, a hana yara buɗe-rufe. A tara guga a yi lokaci ɗaya, tele in ba mai kallo a kashe ta daga bango. Na ruwa kuma, wata rana ka rufe duk robine na gida ka je ka tsaya kan kontar, in ka ga tana juyawa to akwai inda tiyo ke yoyo a ƙasa ko a bayi, ka kira mai gyara. Robine mai ɗiga ka tara mata bokiti da dare ka ga abin da za ka tarar da asuba, sau da yawa 'yar roba ce ta ƙaramin kuɗi ta mutu. Mita kub 1 da kake gani a faktir lita 1000 ce, wato bido 40 na lita 25, kuma farashin hawa-hawa ne, in ka ƙetare matakin farko na masu ƙaramin ƙarfi kuɗin kowane mita kub ƙaruwa yake, don haka ɗan abin da ka toshe na iya sauko da kai mataki guda.

Ni dai ina ganin mu mutanen garin nan bai kamata a ce sai an yi mana wa'azi kan darajar ruwa ba. Gari ne da ke zaune kan dutse, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza da Ganaram. Da bazara akwai unguwannin da mata da yara ke kwana a layin famfo, wasu sai sun sayi bido wajen 'yan garuwa da tsada. Wanda ya saki tiyo yana wanke mota ko tsakar gida ruwa na malala har titi don shi yana iya biya, ba aljihunsa kaɗai ya taɓa ba, na ƙarshen layi ya rage wa, kuma "ai kuɗina ne" ba ta zama hujja a nan.

Tambayarka ta biyu, eh ya halatta, alwalarka ta inganta. Farilla wankewa ɗaya ce da ta game gaɓa, ta biyu da ta uku falala ce, kuma Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi alwala sau ɗai-ɗai. Amma ni ba na so ka mayar da shi al'ada ka bar falala saboda faktir, don ba yawan wankewar ke cin ruwa ba, sakin robine ne tun daga bismilla har wanke ƙafa. Anas ya ce Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu, yana wanka da sa'i har zuwa mudu biyar, kuma mudun nan ba tiyar kasuwar Dole ba ce, mudun Annabi ne, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, bai kai lita 1 ba, sa'i kuma mudu huɗu. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya ce ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ce, ɓarna a cikinsa kuma wuce iyaka ne da bidi'a. Ka lura da sharaɗin da ya sa, tare da kyautata wanki. Kada tattali ya kai ka ga shafa a inda aka ce wankewa, dole ruwa ya gudana kan gaɓa ka cuccuɗa kamar yadda mazhabarmu ta Malikiyya ta wajabta, ka kula da diga-digai don Annabi (SAW) ya yi gargaɗin wuta a kansu. Buta ɗaya ta ishe ka sau uku-uku har ka rage. Hadisin da ake yawan kawowa na Sa'ad, cewa akwai ɓarna a alwala ko kana bakin kogi mai gudana, Ahmad da Ibn Majah sun ruwaito shi, malaman hadisi sun yi magana kan isnadinsa, amma ma'anarsa ta dace da abin da ya tabbata. Ruwan da ya zuba na alwala kuma mai tsarki ne, a tara shi a kwano a ba itace ko a yayyafa tsakar gida, haka ruwan ɗaurayar wanki ya yi wankin bayi.

Ta uku kuwa babu wani kewaye-kewaye, haramun ne. Taɓa kontar don ta rage gudu, ko jan waya ta bayanta, cin dukiyar da ba taka ba ne da ha'inci, kai ka sa hannu da NIGELEC, kamfanin kuran, ko kamfanin ruwa kan za ka biya abin da ka sha, Allah kuma ya ce ku cika alƙawura a farkon suratul Ma'ida, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. "Kowa na yi" ba ta halatta komi, kuma ba gaskiya ba ce ma, akwai dubban talakawa da ke biyan nasu da guminsu. Wanda ya taɓa maka da kai da ka biya shi duk kuna cikin zunubin, ga haɗarin gobara da irin wannan haɗe-haɗen waya ke jawowa cikin gida mai yara. In kana zaton an yi maka kuskure a faktir, ka rubuta lambar da ke kan kontar ɗinka ka kwatanta da wadda ke kan takarda, ka je ofishinsu ka nemi a duba, wannan haƙƙinka ne.

Abin da nake ba ka shawara, daren yau bayan yara sun kwanta ka ɗauko faktir biyun ka ajiye gaban maiɗakinka, ka faɗa mata abin da kake samu da bashin da ka ci, don na lura a tambayarka doka ka kafa ba shawara ka yi ba, kuma wataƙila ita ba ta ma san ka ci bashi ba. Ita ke wuni a gidan, ta fi ka sanin robine da ke ɗiga da yaron da ke barin fitila a kunne. Ita ma ina mata nasiha ta janye kalmar rowa, mutumin da ya ci bashi don kada a yanke wa iyalinsa wuta ba marowaci ba ne, Allah ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. In tana sana'ar ƙanƙara ko zoɓo da firigon nan, ba laifi ku daidaita ta riƙa sa wani abu a faktir ɗin kuran da yardarta, amma ruwan sha da na tsarki da hasken ɗaki naka ne kai kaɗai.

Wallahu a'alamu.