Tambaya da Amsa: Gonar gado ba takarda, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni manomi ne a wajen Ungogo, gonarmu ta gado ce tun daga kakanmu, mu shida ne a kanta kuma ba mu da ko fallen takarda. Bara naje wani banki neman rancen noma sukace in kawo C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, na dawo hannu rabbana. Ga gari kullum matsowa yake, maƙwabtanmu duk an yanka nasu fuloti. Kuma duk shekara muna ji a rediyo an ware maƙudan kuɗi wa noma, amma wallahi ban taɓa ganin malamin gona a gonata ba. Dan Allah ina kuɗin suke tafiya, kuma ya zamuyi da gonar nan? Daga Malam Sani, Ungogo.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Sani, Allah ya jiƙan magabata. Wasiƙarka ta taɓa ni, don irinta nake ta samu daga Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu.

Maganar kuɗi dai, tun 2003 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Maputo cewa kowace ƙasa zata ware kashi 10 cikin 100 na kasafinta wa noma, aka sake jaddadawa a Malabo a 2014, amma kasafin tarayya bai kusanci wannan kaso ba. Wani ɓangare na kuɗin da ake kashewa a noma kuma yana tafiya ne a rabon taki da rance, ka tuna lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, da ake turo saƙon taki ta waya, ka tuna shirin rancen noma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Wasu sun amfana, ban musa ba. Amma a ganina aikin da yake zama shine irin na tsohon gwamnan Kano Audu Bako, dam ɗin Tiga har yau shi yake shayar da Kadawa da Kura da Bunkure, sai kuma malamin gona wanda zai tako har gonarka ya gaya maka wane iri ya dace da ƙasarka da ranar da zaka zuba taki. KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, don wannan aka kafa ta, saidai malamanta basu kai ko kusa da yawan manoman Kano ba.

To bari in dawo kan gonar, don wallahi ita tafi damuna. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani. Kada hankalinka ya tashi, dokar ta amince da wanda yake noma gonarsa a karkara tun kafin ta zo, ana ɗaukarsa kamar wanda aka ba haƙƙin zama na gargajiya, wato gadonku ba haramtacce bane. Matsalar itace banki ba zai karɓi shaidar baki ba, kuma gwamna yana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, in hakan ta faru diyyar da doka ta ambata ta abin da ke kan ƙasar ce, shuka da bishiyoyi da gini, to kaga mutumin da babu takarda a hannunsa kuma magada shida basu raba ba shine ake fara dannewa. Marigayi Umaru Musa Yar'adua ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Mabogunje, amma dokar tana nan daram saboda an cusa ta cikin tsarin mulki, taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin.

Shawarata, kafin damina ku zauna ku shidan, harda mata, don su ma suna da rabonsu. Ko dai ku je kotun shari'a a raba gadon a baku takarda, ko ku rubuta yarjejeniyar kun barta a haɗe kun wakilta mutum ɗaya. Sannan mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka su sa hannu, a samu safiyo ya auna ya fitar da zane. Da waɗannan zaku je ofishin filaye na ƙaramar hukuma ku tambaya ko wurin naku yana cikin yankin da aka ayyana birni, in karkara ne ƙaramar hukuma ce ke bada takardar, in ya shiga birni sai ma'aikatar ƙasa ta jiha da KANGIS, hukumar da ke tattara bayanan filaye ta jihar Kano. Kada ku ba dillali ko kwabo, duk abin da kuka biya ku karɓi rasit.

Rance kuma kada ka sake zuwa kai kaɗai. Ku haɗu da manoman yankinku kuyi ƙungiyar gama kai mai rajista, don yawancin tallafin gwamnati da rancen Bankin Manoma ta hannun ƙungiya ake bada su. Da sunan ƙungiyar zaku rubuta wa ofishin KNARDA na shiyyarku kuna neman a turo muku malamin gona, ku riƙe kwafi, in anyi shiru ku koma. In kun raba gadon ka rubuto min inji yadda aka ƙare.