Amsa ga 'yar'uwar da wuyan ƙaninta ya murɗe bayan shan magani

Baiwar Allah, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ƙaninki ya yi sati ba barci, sai surutu da rabar da kuɗin jarinsa, likita ya rubuta masa magungunan taɓin ƙwaƙwalwa, Haldol da Dépakine, a kwana na uku wuyansa ya murɗe, harshe ya zazzago, ido ya kafe sama, yanzu manya sun ɓoye maganin wai iska ce, za a kai shi gidan mari. Duk wanda ya yi jinyar wannan ciwo ya san wannan daren: miyau na zuba, yaro na son magana ya kasa, uwa na salati, kowa na kawo tasa.

Murɗewar nan aikin Haldol ne. Yakan ɗaure jijiyoyin wuya da muƙamuƙi, galibi cikin kwana 5 na farko, kuma samari ya fi kamawa. Ku koma wurin likitan da ya rubuta, yau ba gobe ba, da kwalayen maganin a hannu. Akwai allurar da ke sakinsa cikin abin da bai wuce rabin awa ba, sannan a rage Haldol ɗin ko a haɗa masa da Artane, ƙwayar da ke hana irin wannan murɗewa, mai 2 mg ko 5 mg. Kada ku sayi Artane ɗin wurin masu tallar magani a faranti. Mutanen nan ba su tsoron Allah, ƙwaya ta wuni cikin zafin ranar Maraɗi, ba kwali ba kwanan wata, su ne kuma ke ɗura wa yaranmu tramol. Ki bincika aljihunsa ma, don tramol da wiwi suna tayar da ciwon ƙwaƙwalwar.

Amma in jiki duka ya sandare kamar itace, ga zazzaɓi mai zafi, ga gumi da ruɗewa, kar a ce masassara ce a jira. A dakatar da Haldol, a tafi asibiti a daren.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne marin nan. A ɗaure mutum da sarƙa a gindin bedi, idon sawu ya yi gyambo, a yi ta bulala wai aljani ake duka, bayan wata biyu a dawo da shi ya rame, ya daina yarda da kowa a gida, har uwar da ta haife shi. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, a yi masa a ɗakinsa yana shan maganinsa.

Dépakine kuwa ba a yanke shi don an ga sauƙi. Ciwon ƙwaƙwalwar na tafiya ne yana dawowa, bayan tashin nan na rashin barci da surutu sau da yawa baƙin ciki mai nauyi ke biyowa. Lokacin kar wani ya ba shi Laroxyl, maganin baƙin ciki, shi kaɗai, zai iya mai da shi gidan jiya. In ya fara zancen mutuwa, ku kawar da maganin ƙwari na gona da igiya, kar a bar shi shi ɗaya. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa kada ta taɓa Dépakine, yana iya nakasa jariri, na faɗa don masu karantawa.

Maganin ya zauna hannun mutum guda, ke ko Inna. Ki sami ɗan littafi kina rubuta awa nawa ya yi barci kowane dare, ki tafi da shi ranar komawa likita.