Amsa: Me ya sa labaran jaruman Marvel da DC, kamfanonin mujallun labarin zane (comics), suke jan ƙafa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laifin marubuta ne da labari yake tafiyar hawainiya. A ganina, ba su kaɗai ba ne. Mujallar wata-wata shafi kusan 20 ce, kuma yanzu an fi tsara labari ya cika fitowa biyar ko shida don a haɗa shi littafi guda a sayar. Shi ya sa sai ka biya kuɗinka, ka tarar jarumai biyu suna hira a kan rufin bene har shafin ƙarshe.

Sannan jaruman mallakar kamfani ne. Chris Claremont ya rubuta X-Men, wata mujallar jarumai ta Marvel, daga 1975 zuwa 1991, amma a 1980 babban editan Marvel Jim Shooter ya ƙi yarda Jean Grey, ɗaya daga cikin jaruman labarin, ta tsira da hukunci mai sauƙi bayan ta hallaka wata duniya da mazaunanta, dole aka sauya ƙarshen ta mutu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya kamfanin ya dawo da ita.

In kana son labarin da mai shi ke riƙe da linzami, nemi Invincible na Robert Kirkman a Image Comics, kamfanin da ke bar wa marubuta mallakar labaransu. Ya fara a 2003, ya rufe a fitowa ta 144.